Laptop ɗina ba ta ganin sabuwar rauta, in koma Windows 11 ne?

Salamu alaikum 'yan uwa, don Allah ina neman shawara. Na sa sabuwar rauta mai Wi-Fi 6 a shagona na buga takardu a unguwar Nima da ke Accra, wayoyi duk suna kamawa amma laptop ɗina ko sunan rautar ba ta gani. Laptop ɗin ta hannu ce na saya a Circle nan Accra, Core i5 zubi na 6, Windows 10 ke kai. Wani ya ce sai na koma Windows 11, gaskiya ne? Da ita nake ciyar da gida wallahi.

Mai gyara daga Circle:
Wa alaikumus salam yaya. Windows ba ya canja katin Wi-Fi da ke cikin na'ura. Yawanci tsohon direba ne (manhajar da ke sa katin aiki), katunan Intel na wancan lokacin in direbansu ya tsufa ba sa ganin rauta mai Wi-Fi 6 sam. Jona wayarka da kebul ka ba laptop ɗin intanet, ka sauke sabon direba ka kashe ka kunna, sai ka ga sunan ya fito. In ya ƙi, shiga saitin rautar ka kashe 802.11ax ɗin (wato Wi-Fi 6) tukuna.

Wata daga Mamobi:
Kuma Windows 11 ɗin ma ba zai hau ta hanyar da ta dace ba, daga zubi na 8 yake karɓa kuma sai da TPM 2.0 (wani ɓangaren tsaro da ke cikin na'ura). Akwai masu tura shi da ƙarfi, ni dai ban ba ka shawara ba tunda na'urar sana'a ce. Amma ka sani tun 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10, to ka fara tara sidi a hankali na sayen wata laptop saboda takardun mutane da ke ciki.

Mai gyara daga Circle:
Gaskiya ne Hajiya. In ya matsu da gudu akwai katin Wi-Fi 6 mai suna AX200, a buɗe bayan laptop ɗin a cire wayoyin eriya biyu ɗin nan ƙanana baƙi da fari a sauya, yana aiki da Windows 10 lafiya lau. Layin 6GHz na Wi-Fi 6E ne ke son Windows 11, Wi-Fi 7 kuwa sai Windows 11 samfurin 24H2, kuma duk rautarsa ba ta da su.

Mai tambaya:
Alhamdulillah direban ne, ta kama yanzu. Allah ya saka da alheri, katin nawa ne yanzu a wajenku?