Yaya zan kulle akawun ɗina na Free Fire kafin a sace shi?

Sadik_Kurna

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, kuma hankalina a tashe yake. Akwai wani abokinmu da muke buga Free Fire tare, sana'arsa cajin waya a bakin titi, ɗan abin da ya tara a kan daimon, wato kuɗin sayayya na cikin wasan, yake kashe shi. Ranar Talata aka turo wani linki a gurup ɗinmu na WhatsApp, wai ana rabon daimon kyauta. Ya danna, shafi ya buɗe sak irin na Facebook, ya sa lambarsa da kalmar sirrinsa. Kafin gari ya waye an canza komai. Yanzu ɓarawon ne ma ke turo masa saƙo wai ya biya kuɗi a mayar masa. Jiya na gan shi zaune gaban allon cajinsa, ko wayar ba ya son taɓawa.

Nawa akawun ɗin ma da Facebook na haɗa shi, kuma na daɗe ina gina shi. Na ji ana cewa a kunna tabbaci mai mataki biyu, wato bayan kalmar sirri sai an sa wata lamba kafin a shiga. Na duba saitin wasan ban gane inda zan fara ba. Sannan wanne ya fi, lambar da ake turowa ta tes ko ta manhaja? In wayar ta ɓata fa, shi ke nan na kulle kaina a waje?

Nura_FarmCentre

Wa alaikumus salam. Allah ya mayar masa da alheri. Ka gaya masa kada ya tura ko sisi, wanda ya biya sau ɗaya sai an sake tambayarsa.

Sadik, ba daga cikin wasan za ka fara ba. Tunda ta Facebook kake shiga, duk wanda ya riƙe Facebook ɗinka ya riƙe wasanka. Kamar gida ne mai zaure ɗaya, a ƙofar zauren ake sa kwaɗo. Shiga saitin Facebook, wajen kalmar sirri da tsaro, nan za ka ga inda ake kunnawa. Wanda ya haɗa da Google kuma a saitin tsaro na Google zai yi. Kada ka manta da imel ɗin da ka buɗe Facebook ɗin da shi, domin ta can ake sake kalmar sirri, shi ma yana buƙatar nasa makullin.

Ni manhaja nake sa wa mutane a shago. Ka sauke Google Authenticator ko Microsoft Authenticator. Facebook zai nuna maka wani ɗan murabba'i na QR da wata doguwar lamba mai haruffa. In waya ɗaya gare ka, doguwar za ka kwafa ka liƙa a manhajar. Daga nan za ta riƙa fitar da lambobi 6 da ke canzawa duk daƙiƙa 30. Ba ta buƙatar data ko sabis, da agogon wayar da wancan sirrin da ka liƙa take yin lissafinta.

Dalilin da ya sa ba na sakin jiki da tes, layi ba abin dogaro ba ne. Ka tuna 2024 da aka riƙa rufe layukan da ba a haɗa da NIN ba? Mutane nawa suka zo mana suna da wayfai amma lambar shiga ta ƙi zuwa. Ga kuma layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba, ana iya sake sayar wa wani da lambar. Ga masu yin walkam bak da layin da ba nasu ba.

Abba_Gwale

Oga Nura, ni fa tes nake amfani da shi kuma ban taɓa samun matsala ba. Yawancin yaran nan in ka ce su sauke wata manhaja sai su bar abin gaba ɗaya.

Nura_FarmCentre

Gaskiyarka Abba, tes ya fi babu nesa ba kusa ba. Wanda ba zai iya manhaja ba ya kunna tes yau ɗin nan. Amma Sadik ya tambayi wanda ya fi ne.

Hauwa_BUK

Bari in amsa tambayarka ta ƙarshe, don ita ce aka fi yin sakaci da ita. Bayan ka kunna, ka nemi lambobin ajiya, waɗanda za ka shiga da su in wayar ta ɓata. Facebook na ba da guda 10, Google ma 10 yake bayarwa masu lamba 8 kowacce, kuma kowace ɗaya sau ɗaya take aiki. Ka sami biro ka rubuta su a takarda, ka sa inda kake ajiye takardun makaranta ko katin zaɓe. Don Allah kada ka ɗauki hotonsu ka bari a wayar, ranar da aka fizge ta ko aka yi mata filashin tare za su tafi. Tun 2023 Google Authenticator na iya adana lambobin da take fitar maka a akawun ɗinka na Google, sai su dawo in ka shiga a sabuwar waya. Yana da amfani, amma hakan na nufin Gmail ɗin nan ya zama uwa uba, dole ka tsare shi sosai.

In wata rana lambar manhajar ta riƙa ƙin karɓuwa alhali daidai ka rubuta, duba agogon wayarka. Mayar da shi kan saitin da yake daidaita kansa, yawanci shi ke nan.

Abin da ya fi damuna shi ne kada ka ɗauka ka gama. Irin shafin da ya kama abokinku, akwai waɗanda bayan kalmar sirri suke tambayar lambobi 6 ɗin ma, su shigar da su a shafin gaskiya kafin daƙiƙa 30 su cika. Don haka lambar nan ba a karanta wa kowa ita, ko da ya ce shi ma'aikacin kamfanin wasan ne, ko admin ɗin gasa. Ba a kuma shiga Facebook ta linkin da aka turo, kai ne za ka buɗe manhajar da hannunka.

Musty_PC

Ƙarin bayani ga masu wasu wasannin. A Steam, dandalin sayen wasannin kwamfuta, akwai Steam Guard, nasu tabbacin mai mataki biyu, a manhajarsu ta waya, in ba ka da shi kayan da ka yi musaya sai an riƙe su har kwana 15, kuma sai ya yi kwana 7 a kunne kafin a daina riƙewa. Zai ba ka lambar ceto da ta fara da R, rubuta ta. A Fortnite ba za ka aika wa wani kyauta ko ka shiga gasa ba sai ka kunna a akawun ɗinka na Epic Games.

Sannan masu sayar da daimon, lambar ID ɗinka ta cikin wasa kawai suke buƙata. Wanda ya ce sai ka ba shi kalmar sirri zai loda maka, rabu da shi.

Sadik_Kurna

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na kunna a Facebook da Gmail, na rubuta lambobin. Saura abu ɗaya: ƙanena yana shiga akawun ɗin a wayarsa, shi ma za a riƙa tambayarsa lambar kullum?

Hauwa_BUK

Sai lokacin da zai shiga sabo, ba kullum ba. Amma ka fara zuwa wajen da Facebook ke nuna wayoyin da aka shiga da akawun ɗinka, ka fitar da duk wadda ba ka gane ba, ka canza kalmar sirri. Sai ya kawo wayar ka sa masa lambar da kanka. In da hali ma ka buɗe masa nasa, don linkin da kai ba za ka danna ba shi yana iya dannawa.