Ina Turawan mulkin mallaka suke samo kayan haɗa albarushi?

Ɗan Kurmi:
Assalamu alaikum jama'a. Ana ta ba mu labarin yaƙe-yaƙen Ingila a Indiya da Amurka da Afirka, amma ba a faɗin inda suke samun albarushin da zai ishi wannan ɓarin wuta. A ƙasarsu ake tono kayan haɗinsa ko kwasowa suke yi daga ƙasashen da suka mallake? Wani ya ce mini da kanwa ake yi, har da irin tamu ta Borno. Gaskiya ne?

Malam Na-Zariya:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ajiye maganar kanwa gefe, ba ta da aiki a nan. Albarushi irin na da abu uku ne: gawayi, farar wuta, da wani farin gishiri da Turawa ke kira saltfita. Gishirin nan shi ne kusan kashi 75 cikin 100, gawayi 15, farar wuta 10. Gawayi ba ya wa kowa wuya. Duk rigimar a kan gishirin take.

Shi kuwa ba a dutse ake fasa shi ba. Yana fitowa ne a ƙasar da ta daɗe tana shan fitsari da kashin dabbobi, irin ta garka da turke da gindin tsohon bango. Ingila ƙasa ce mai sanyi da yawan ruwa, ba ya taruwa sosai. Shi ya sa sarakunansu suka ba wasu ma'aikata izinin shiga gidan kowa su tone bargar doki da ɗakin tattabaru, har daɓen coci ba su bari ba. A 1626 Sarki Charles na ɗaya ya yi shela cewa mutane su riƙa tara fitsari domin wannan aiki. Ka ji inda talauci ya kai mai son yaƙi.

Sai suka gano Bihar a Indiya. Can akwai zafi, ga yawan jama'a da shanu, ga damina mai ƙarfi da rani ke biyo ta. Idan ƙasa ta bushe, gishirin kan fito fari-fari a bango da filin ƙauye. Wasu talakawa da ake kira Nuniya su ne sana'arsu ke nan tun kaka da kakanni: su kankare ƙasar, su jiƙa, su tace, su dafa ruwan har ya daskare. Kamfanin Gabashin Indiya na Ingila da takwaransa na Holan suka kafa rumbuna a Patna da Chapra, ana loda buhuna a jiragen ruwa a gangara Kogin Ganga zuwa Hugli da Kalkata. Daga nan a shimfiɗa shi a ƙasan manyan jirage, ya zama nauyin da ke daidaita jirgi a teku, yadudduka kuma a sama.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda ake saye. Kamfani ba ya zuwa wurin Nuniya. Dillali yake ba kuɗin kafin alƙalami, dillali ya ba na ƙasa da shi, a yanke farashi tun kaya ba su samu ba. Wanda ya ji labarin cinikin gyaɗa a Kano daga bakin kakansa ya san wannan salo. Muddin 'yan Holan da Faransawa na tayawa, da ɗan sauƙi. To, a 1757 Robert Clive, kwamandan sojojin kamfanin Ingila, ya ci yaƙin Plassey, ya ɗora Mir Jafar a gadon sarautar Bengal, wadda Bihar ke ƙarƙashinta, a 1758 kuma Mir Jafar ya mallaka wa kamfanin Ingila cinikin gishirin Bihar shi kaɗai. Daga ranar 'yan Holan ma sai abin da Ingilishi suka ga damar sayar musu. Mai kankarar ƙasa kuwa ba shi da wani mai saye da zai juya gare shi.

Hajiya Mai Alli:
Malam, ka bar farar wuta a baya. Ita daga tsibirin Sisili ta Italiya aka fi samo ta, inda yara ƙanana ke ɗauko ta a baya daga cikin rami. A 1838 Sarki Ferdinand na biyu, mai mulkin Naples da Sisili, ya ba wani kamfanin Faransa ikon cinikinta, a 1840 Ingila ta tura jiragen yaƙi suka kama jiragen Naples, dole aka soke yarjejeniyar.

Malam Na-Zariya:
Haka ne Hajiya, Allah ya ƙara sani. Sai dai a lokacin masana'antun sinadarai da sabulu da gilashi ne suka fi shan farar wutar, ba albarushi kaɗai ba. Gishirin Indiya kuwa makami ne a hannun Ingila. A 1861, lokacin yaƙin basasar Amurka, Lammot du Pont, na kamfanin albarushi na Amurka, ya je Landan ya saye shi da yawa domin gwamnatin ɓangaren Arewa a yaƙin. Da rikicin jirgin Trent ya tashi, wato da sojojin ruwan Arewa suka tare wannan jirgi na Ingila suka kama jakadun ɓangaren Kudu, Ingila ta hana kayan fita, sai da aka saki jakadun Kudu biyu da aka kama sannan aka bar kayan suka tashi.

Ɗan Kurmi:
Na gode ƙwarai. To mu nan fa, me ya shafe mu a ciki?

Malam Na-Zariya:
Mu an fi kawo mana shi a haɗe, cikin ganguna, ta bakin teku da ta Sahara. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta taƙaita shigo da bindigogin zamani da harsasansu a mafi yawan Afirka, aka bar mana bindigar toka da albarushin kasuwa. Shekara 13 bayan haka, a 1903, sojojin Lugard suka tunkari Kano da Sakkwato da igwa da bindigar Maxim, wadda harsashinta ma ya riga ya bar amfani da baƙin albarushin da muke magana a kai.