Macher: ƙusa za mu ce ko mai faɗa a ji?

1/ Ina fassara wani rubutu kan Yahudawan New York sai na ci karo da "macher". Kwana biyu ke nan ta hana ni sakat.

2/ Kalmar Yiddish ce, harshen Yahudawan gabashin Turai, wanda gangar jikinsa ta Jamusanci ce amma da haruffan Ibrananci ake rubuta shi. Kada a karanta ta "maca". Wannan ch ɗin daga maƙogwaro yake fita, kamar خ ta Larabci. Tushenta makhn, wato yi, ɗan'uwan machen na Jamusanci. Asalinta dai "mai yi". Yahudawa kusan miliyan 2 suka ƙaura zuwa Amurka tsakanin 1881 da 1924, ita ma ta biyo su har ta shige Turancin can.

3/ A majami'arsu ake ganin macher sosai. Ba shi ne malamin ba, sau da yawa ma karatunsa bai taka kara ya karya ba. Amma shi ke tara kuɗin gyaran rufi, shi ya san wanda za a ba wurin zama a jikin bangon gabas, inda manya ke zama. Ɗanka na neman aiki? Waya ɗaya zai buga. Kuma in suka ce "gantser macher", cikakken macher, galibi da murmushin zolaya ne: ga sarkin iyawa nan ya iso.

4/ "Mai faɗa a ji" na fara sawa, sai na goge. Ta cika girmamawa, kuma macher ba da faɗa yake aiki ba, da ƙulle-ƙulle ne. "Jigo" na son muƙami. Wani ya turo mini "dillali", amma dillali la'ada yake jira, shi kuwa wannan a san da shi ne ladansa. "Mai uwa a gindin murhu" ai wanda macher ya tsaya wa ne.

5/ Wata baiwar Allah ta ce "uwa da makarɓiya". Wallahi ta burge ni, don zolayar na ciki. Tsawonta ne matsala, kalmar ta fito sau da yawa a rubutun.

6/ Na tsaya a kan "ƙusa". Ba a cika ganinta ba, amma zare ta ka ga yadda ƙyaure zai faɗo. Inda marubucin ke tsokana kuma zan sa "uwa da makarɓiya". Mai ja ya zo da tasa kafin Juma'a, ranar zan miƙa aikin.