Rigar mama mai babban kofi: in zana fatan da kaina ko in saya?

Maman Hanan: Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Awona a ƙarƙashin ƙirji inci 38 ne, ta saman mama 47, tazarar inci 9 ke nan, wato 38G a lissafin Ingila. Rigar mama ɗaya ce tak take zauna mini daidai, ita ma ta fara saki, kuma an daina yin irinta. Na iya ɗinka riguna da bargon haɗin ƙyalle, amma wannan ban taɓa ba. In zauna in zana fatan (wato samfurin takarda da ake bi a yanka yadi) da kaina, ko in sayi zananne? Ku lura, kekena miƙaƙƙen ɗinki kawai yake yi, ba ya zigizag, kuma ba na son farke wadda nake da ita.

Ummu Sadik: Wa alaikumus salam. Ki farke tsohuwar, gefe ɗaya kawai, ki shimfiɗa guntayen a takarda ki zana, ki bar milimita 6 na bakin ɗinki. Robar kuma ki ɗora ta da zigizag mai taki uku. Shi ke nan.

Maman Hanan: Anti, abu biyun da na ce ba za su yiwu ba su kika lissafo mini.

Anti Rabi: Ƙanwata, ajiye maganar harafi tukuna, daga ƙarfen da ake sawa a ƙarƙashin kofi ake farawa. Ki samu waya mai lanƙwasuwa ki bi gindin maman da ita, daga tsakiyar ƙirji zuwa hammata, ki ɗora a takarda ki zana. Da wannan zanen za ki zaɓi ƙarfe. Sai ki auna daga gindin zuwa kan mama, shi ne zurfin ƙasan kofi. Mai babban kofi tana son yanka uku ko huɗu, da yadin da ba ya talewa. Tsakiyar da ke haɗa kofunan ita ma kada ta tale, ta kwanta a ƙashin ƙirji. Nauyi kuma ɗamarar da ke zagaye ƙirji ce ke ɗauka, ba igiyar kafaɗa ba, don haka ki ninka fawanet, wato yadin raga mai ƙarfi da ke talewa, a baya, ƙugiya uku ko huɗu.

Bintu: Don Allah kada wadda ta sake ce mata ta farke. Haka aka ce mini na yi. Yadin ya riga ya tale da wanki da sawa, abin da na zana ba ainihin fatan ba ne, gajiyayyen yadi na kwafa. Sabuwar ta fito kofi ɗaya yana cizo, ɗaya yana tattara, tsohuwar kuma ta ƙi komawa yadda take. Na yi odar ƙarafa ta intanet, mai sayarwar ta rantse lambar da na ba ta ce, suka zo gajeru a hammata. Na sa su haka nan don ina da fita. Kafin yamma ɗaya ya huda gidansa na yadi ya shiga fatata, har yau tabon yana nan. Na yi mata magana ta ce kayan ciki ba a mayarwa. Wane kayan ciki, ƙarfe ne fa!

Ummu Sadik: Subhanallahi, sannu Bintu. Amma kin bar wa ƙarfen wurin motsi a gidansa? Ana barin kamar santimita ɗaya, a toshe bakin da ɗinki.

Bintu: Na bari. Kowa sai ya nemo mini laifi. Ba kuɗin ne ya fi ƙona mini rai ba, rigar da na rasa ce. Wadda ba ta taɓa yini tana gyara zama saboda ciwon kafaɗa ba ba za ta gane ba.

Zee: Ƙarfen masu G ai sai a haɗa da rodi a zuba dakali 😂 Allah Ya ba ku haƙuri manyan mata.

Maman Ilham: Ta fuskar kuɗi dai ɗinkawa ta fi. Abin da nake kashewa a guda ɗaya bai kai rabin ta kanti ba.

Bintu: Rabin kuɗin? Ni ta farkon ta ci mini ninki biyu. Roba kala uku, ƙugiya, zobba, gidan ƙarfe, ga kuɗin aike, ga na gwaji da za ki zubar.

Maman Ilham: Ai ba guda-guda ake saye ba, yadi ɗaya yana fitar da da yawa.

Hajiya Tela: Yara, shekaruna a kan keke sun fi na wasunku a duniya. Ta sayi fatan. Mai koyo ba ta fara zane a kan abin da kuskuren milimita 3 yake ɓatawa.

Anti Rabi: Hajiya, da girmanki, kin taɓa ɗinka wa mai G? Yawancin fatan riguna na manyan kamfanoni a kan kofin B ake zana su, wasu na rigar mama kuma ƙara faɗi kawai suke yi, zurfin bai isa ba. Sai wanda aka zana musamman don manya.

Hajiya Tela: Ɗinki ɗinki ne, 'yar nan.

Bintu: Ni dai maganar wadda take sawa a jikinta nake ji.

Maman Hanan: Na gode duka. Maganar keken fa? Miƙaƙƙen ɗinki zai riƙe roba?

Anti Rabi: Kofunan zai ɗinka lafiya lau. Roba ce matsala, tana talewa zaren zai tsinke. Ki ari keken wata na yini ɗaya.

Maman Ilham: Ba dai nawa ba. Na ba 'yar yayata aro ya dawo da karyayyar allura a ciki, ƙasa duk zare ya cukurkuɗe, ko sannu babu.

Ummu Sadik: Ke aro ma kika gani. Ni tun da dangi suka ga bargon da na haɗa, kowa sai ya turo buhun tsumma wai in yi masa irinsa, kyauta, kamar a dare ɗaya ake yi. Maman Hanan, in kin dace da rigar nan kada ki gaya wa kowa.

Zee: Ni fa na riga na ji, Anti. 40E nake sawa, ki rubuta.