Muhawara: A Ƙure Gudun Tsohuwar Furosesa Ko A Sayi Sabuwa?

Auta: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema. Kwamfutata furosesarta Ryzen 5 1600 ce a kan bod B350, wato faifan da ake dasa sassan kwamfuta a kansa, da RAM 16GB. Kwanan nan na sa mata katin hoto RX 6600, na ɗauka wahala ta ƙare. GTA V lafiya lau yake tafiya, amma Warzone da Counter-Strike 2, da zarar an haɗu ana ɓarin wuta sai hoto ya riƙa maƙalewa. Wani ya ce in yi mata obakulok, wato in ƙure gudun furosesar ya wuce wanda kamfani ya rubuta, wani ya ce in canja furosesa. Wanne zan kama?

Baban Yara: Wa alaikumus salam. Auta, kada ka kashe ko kwabo. Na sha faɗa a gidan nan, kuma zan sake faɗa: duk wanda ya sayi sabuwar furosesa don wasa alhali bai ƙure gudun ta hannunsa ba, kuɗinsa kawai ya zubar. Kamfanoni da gangan suke riƙe wa furosesa linzami. A 1998 Intel ta fitar da Celeron 300A mai gudun 300MHz, mutane suka ɗaga gudun bas, wato hanyar da ke haɗa furosesa da bod, daga 66MHz zuwa 100, ta koma 450MHz, tana gogayya da Pentium II mai tsadar gaske. A 2011 aka yi i5-2500K, an rubuta mata 3.3GHz, amma kai ta 4.5GHz da fanka mai kyau ba wani abin mamaki ba ne a lokacin. Ni da ita na yi shekaru ina wasa. Yawancin Ryzen a buɗe suke zuwa, ba a kulle gudunsu ba, B350 kuma yana ba da dama. Shiga BIOS, wato wurin saitin bod, ka karɓi abin da ka riga ka biya.

Mai Gyara: Yaya, duk abin da ka kawo gaskiya ne, amma zamanin ya wuce. Wancan lokacin kamfani yana barin fili mai yawa. Yanzu furosesa da kanta take duba zafi da wuta ta ɗaga gudunta, ɗan abin da ya rage maka kaɗan ne. Ita 1600 an rubuta mata 3.2GHz, tana hawa 3.6. Ryzen na farkon nan, na 2017, yawancinsu a wajen 3.8 zuwa 4.0 suke cijewa, ko me ka ɗura musu na wuta. Ina 4.5 a nan?

Baban Yara: To 3.9 ɗin ba ƙari ba ne? Da babu gara ba daɗi.

'Yar Lissafi: Sallama gare ku. Baba, bari mu sa abin a lissafi, don kada Auta ya sa rai da yawa. In duka ƙwayoyinta shida, wato sassan da ke yin aiki a cikinta, suna aiki, 1600 tana zama a wajen 3.4GHz. Daga nan zuwa 3.9 ƙarin bai kai kashi 15 cikin ɗari ba, kuma wannan a agogo ne, wato gudun GHz, ba a wasa ba. Wasa ba ya bin agogo ƙafa da ƙafa. Wanda yake samun hoto 70 a daƙiƙa, in komai ya tafi daidai, iyakarsa 80, sau da yawa ma ba ya kaiwa.

Abin da ya fi damuna shi ne a riƙa auna furosesa da GHz kaɗai. Akwai yawan aikin da take gamawa a kowane bugun agogo. AMD, kamfanin da ke yin Ryzen, tana kiran zubin ƙirarta Zen, kuma ta ce Zen 2 ya fi wanda ya gabace shi da kashi 15, Zen 3 kuma ya fi Zen 2 da kashi 19. In ka haɗa waɗannan biyun kaɗai ka doshi kashi 37, tun ba a taɓa agogo ba. Ryzen 5 5600, wadda Auta zai iya komawa kanta, Zen 3 ce, kuma tana hawa 4.4GHz da kanta. Babu saitin BIOS da zai ba 1600 wannan.

Sai rumbun kusa, wato L3, inda furosesa take ajiye bayanan da take yawan buƙata, wanda shi ne tushen maƙalewar da Auta yake kuka da ita. Kamar mai shayi ne: in sukari da madara suna kan teburinsa, nan take zai sallame ka. In kuwa duk kofi sai ya tsallaka kanti, saurin hannunsa ba zai hana layi ba. A 1600 rumbun 16MB ne, kuma an raba shi gida biyu, ƙwayoyi uku da nasu 8MB, ukun da nasu. A 5600 rumbun 32MB ne a haɗe, duka shidan suna ɗiba daga wuri ɗaya.

Baban Yara: 'Yata, alƙaluman kamfani kika kawo mini. Mai kaya ai ba zai kushe kayansa ba.

'Yar Lissafi: Haka ne Baba. To a bar maganar kamfani, a dubi 5800X3D da ta fito a Afrilun 2022. Gudunta ya gaza na 5800X, ita 4.5GHz, waccan 4.7. AMD ma ta kulle ta, ba a ɗaga mata agogo. Amma da yake an ɗora mata rumbu ya kai 96MB, masu gwaji masu zaman kansu sun same ta gaba da 5800X a yawancin wasanni, wani lokaci da tazara mai faɗi. In da agogo ne komai, da hakan bai faru ba.

Mai Gidan Wasa: Ni fa ina ga kun yi nisa. Ba wanda ya tambayi yaron nan wane allo yake amfani da shi. In mai 60Hz ne, hoto 60 kawai yake iya nunawa a daƙiƙa. Sannan kafin a ɗora wa furosesa laifi a tabbatar. Auta, sauke manhajar MSI Afterburner, ka kunna alƙaluma a gefen allo, ka shiga wasa ka duba katin. In yana zaune a 97 zuwa 99 cikin ɗari, katin ne ya ƙure, ba obakulok ba sabuwar furosesa da za ta yi maka wani abin kirki. In kuwa yana yawo a ƙasa, jiran furosesa yake. Wata hanya mai sauƙi: rage girman hoton zuwa 720p. In FPS, wato yawan hoto a daƙiƙa, bai motsa ba, ka gane mai laifi.

Auta: Yaya, allon 144Hz ne. Na gwada yanzu a Warzone. Katin yana tsakanin 60 da 70 cikin ɗari, kuma da na sauke zuwa 720p kusan duk ɗaya ne. Amma furosesar ma ba ta kai ɗari ba, to ya ke nan?

Mai Gidan Wasa: Wannan kada ya ruɗe ka. Wasa yakan danƙara wa ƙwaya ɗaya ko biyu nauyi, sauran suna hutawa, sai jimillar ta nuna kamar da sauran ƙarfi. Furosesa ce.

Mai Gyara: Madalla, an gano ciwon. Yanzu ga abin da ya sa ba na son obakulok a bod irin na Auta, kuma wannan daga abin da ake kawo mini shago ne. Ƙara gudu sai da ƙara boltej, wato ƙarfin wuta, shi kuwa zafi boltej sau boltej yake bi. A misali, ka tashi daga 1.25 zuwa 1.40, wutar da take ci ta ƙaru da kashi 25 tun ba ka taɓa agogo ba. Ka haɗa da ƙarin gudun, ka doshi rabi. Wannan wutar ta sassan da ke kewaye da soket, wato mazaunin furosesa, take bi, kuma B350 masu araha da yawa ko ƙarfen sanyaya ba a sa musu a wurin ba. Sai ka buɗe akwati ka ga bod ya yi duhu a gefen soket, fankar Wraith Spire ta toshe da ƙurar hunturu kamar an yi mata bargo. Waɗanda kuke gani a YouTube a ɗaki mai sanyi suke gwajinsu. Mu nan a Afrilu zafi yana haura 40, ga wuta tana zuwa tana ɗaukewa.

Kuma kada a ce boltej ba ya cin furosesa. A 2024 Intel da kanta ta amsa cewa wuta mai yawa ce take lalata wasu Core na zubi na 13 da 14, har ta fitar da gyara ta BIOS ta ƙara garantin shekara biyu. Waɗannan ma masu su ba su taɓa komai ba.

Baban Yara: Malam, wannan ai tsoratarwa ce. Wa ya ce ya kai 1.40? Da yawa daga cikin 1600 suna zama a 3.7 ko 3.8 da ɗan ƙari kaɗan. Ya wanke fanka, ya sa sabon man furosesa, ya riƙa hawa a hankali, kowane mataki ya gwada da manhajar Cinebench yana kallon zafi a manhajar HWiNFO. In ta ƙi tashi, ya cire batirin bod na ɗan lokaci ya mayar, komai ya koma yadda yake. Garanti kuwa na kayan 2017 ya daɗe da ƙarewa. Abin da yake ɓata mini rai shi ne duk yaron da ya zo da tambaya sai a ce masa saya. Kun san yadda dala ta mai da kayan nan. Yaron da ya tara kuɗin kati da ƙyar, yau kuma a ce ya sake tarawa? Kuma wanda ya zauna ya koyi BIOS da hannunsa ya samu ilimin da ba a sayar da shi a kwali.

Na ma tuna, Auta, RAM ɗinka a nawa yake gudu?

Auta: An rubuta 3200 a jikinsa Baba, amma Task Manager yana nuna 2133.

Baban Yara: Kun gani ko? Shi ma wannan ai obakulok ne, kuma kyauta. Kunna XMP a BIOS, wato saitin da ke kai RAM gudun da aka rubuta masa, wasu bod suna kiransa DOCP. A Ryzen hanyar da ke haɗa ɓangarorin furosesa da gudun RAM take tafiya.

'Yar Lissafi: A nan ina bayan Baba ɗari bisa ɗari, wannan zai iya fin ɗaga agogon ma amfani wajen maƙalewa. Sai dai 1600 ba kullum take karɓar 3200 ba. In ta ƙi, ka gwada 2933. Kuma in sanda biyu ne a bod mai rami huɗu, ka tabbata suna rami na biyu da na huɗu daga furosesa. Amma Baba, wannan bai tabbatar da maganarka ta farko ba, cewa sayen sabuwa asara ce. Da a ce 2500K ce da shi, canji yana nufin sabon bod da sabon RAM, sai in ce ya ƙure ta ya lallaɓa. Shi kuwa soket ɗinsa AM4 ne, kuma tun 2022 aka buɗe wa B350 karɓar Ryzen 5000. Furosesa kaɗai zai cire ya sa wata, ya sayar da tsohuwar ya rage kuɗi. Ga shi Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, kuma 1600 ba ta cikin jerin da Windows 11 ya amince da su, 5600 tana ciki.

Baban Yara: Na ji. A kan AM4 kuna da hujja, ban musa ba. Amma ban janye cewa a fara da na kyauta ba. In ya gyara RAM ya kai ta 3.8 wasan ya daina maƙalewa, me zai kai shi kasuwa?

Mai Gyara: In ya daina, shi ke nan. Ni dai ban ga zai daina a Warzone da allon 144Hz ba, sauƙi kawai zai samu.

Auta: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yau zan kunna XMP in wanke fanka, zan gwada 3.7 kamar yadda Baba ya ce ba tare da na matsa wuta ba. Amma zan fara tarin 5600. Na ga 5500 ta fi araha, ba ɗaya ba ne?

Mai Gyara: Ba ɗaya ba ne ƙanena. 5500 da 5600G rumbunsu 16MB ne, rabin na 5600, kuma rumbun kake nema. In lokacin ya yi, ka fara duba shafin kamfanin bod ɗinka ka ga sunan 5600 a jerin da yake karɓa. Ka sabunta BIOS tun tsohuwar tana ciki, ka mai da saitin obakulok yadda yake tukuna, kuma a kan inbata ko UPS za ka yi, don in wuta ta ɗauke a tsakiya bod yana iya mutuwa. Wajen cire fanka ka bar kwamfutar ta ɗan yi aiki man ya yi laushi, ka murɗa a hankali kafin ka ɗaga. In ka fizga, furosesar takan biyo fankar ta fito, ƙafafunta su lanƙwashe. In ta hannu za ka saya, ka karkata ta a haske ka bi layin ƙafafun ɗaya bayan ɗaya, kuma mai shago ya kunna maka ita a gabanka kafin ka biya.