Barden Chaucer: gwarzo ne ko sojan haya? Gardama kan da'awar Terry Jones

Malam Sabi'u: Ga da'awar a taƙaice. Terry Jones, ɗan Wales da aka haifa a Colwyn Bay a 1942, wanda duniya ta sani da barkwanci a ƙungiyar Monty Python, ya fitar da littafi a 1980 mai suna Chaucer's Knight. Ya ce barden da mawaƙin Ingila na ƙarni na 14 Geoffrey Chaucer ya siffanta a farkon waƙarsa ta maziyarta, Canterbury Tales, wanda aka shekara ɗari shida ana koya wa ɗalibai cewa shi ne cikakken barde mai mutunci, sojan haya ne kawai, kuma yabon da Chaucer ya yi masa zambo ne cikin yabo. Ni ina tare da Jones. Wanda bai yarda ba ya kawo hujja.

Malama Rabi: Malam, kafin hujja, a fara da mutumin. Adabin Ingilishi ya karanta a Oxford, ba tarihi ba. Kuma shi ne wanda a fim ɗinsu na 1975, da ya ba da umarni tare da Terry Gilliam, aka rasa kuɗin dawaki aka sa mutane suna kaɗa ɓawon kwakwa a bayan barade. Wannan za a ba hukuncin tarihi?

Malam Sabi'u: Ai waƙa ake fassarawa, Malama, don haka karatun adabi shi ne makamin aikin. A duba jerin yaƙe-yaƙen da Chaucer ya lissafa wa barden. Algeciras a kudancin Sifen, wadda ta faɗi a 1344. Ƙasar Banu Marin a Maroko. Tilimsan, garin su Shehu Maghili, inda aka ce ya yi fito-na-fito sau uku, kullum yana kashe abokin karawarsa. Antalya a 1361, Iskandariya a 1365, Ayas a 1367, sai Prusha da Lituweniya da Rasha. Yanzu a nemo mini Crécy ta 1346 ko Poitiers ta 1356, manyan yaƙe-yaƙen da Ingila ta ci Faransa. Babu ko ɗaya. Mutumin da ya shiga mugun gumurzu sau goma sha biyar amma ba a ambaci sunan yaƙi ko ɗaya da ya yi wa Ingila ba, me za a kira shi?

Dakta Habu: Hujjar Jones mafi nauyi ita ce Iskandariya, kuma ita ya kamata a tsaya a kai. A watan Oktoban 1365 Sarki Bitrus na tsibirin Kubrus ya auka wa garin da jiragen ruwa, lokacin yana ƙarƙashin Mamalik na Misira. Aka yi kisa, aka kwashi ganima har daga rumbunan fataken Turai Kirista da ke zaune a can, aka kama bayi. Da aka ji rundunar Alƙahira na tafe, mayaƙan suka ƙi tsayawa su riƙe garin, suka loda jirage suka gudu cikin 'yan kwanaki. Wannan hari ne na 'yan ganima. Jones ya ce Chaucer, wanda ya yi aikin jakadanci har Italiya, ba zai rasa sanin haka ba, kuma da gangan ya sa sunan garin a farkon jerin.

Malama Rabi: To, Dakta, a nan ne Maurice Keen, masanin tarihin barade a Oxford, ya tare shi a 1983. Ya ɗauko shari'ar Scrope da Grosvenor, gidaje biyu da suka yi rigima kan tambari ɗaya, shuɗiyar garkuwa mai zirin zinariya a karkace. An kira ɗaruruwan shaidu, Chaucer da kansa ya ba da shaida a 1386. Shaidun Scrope, don su nuna girman gidan, sun riƙa faɗin cewa sun ga tambarin a Iskandariya da Antalya da Prusha. Wato a idon manyan Ingila na lokacin, zuwa wuraren nan abin tinƙaho ne, har a gaban alƙali ake kafa hujja da shi. Henry Bolingbroke ma ya je Prusha a 1390 da 1392, bayan haka ya zama sarki. Shi ma sojan haya ne? Abin da Jones ya yi, ya ɗauki ƙyamar da mutumin ƙarni na 20 ke yi wa yaƙin Salibiyya ya zuba a bakin mutumin ƙarni na 14.

Alhaji Ɗanlami: Ku yi haƙuri in tsoma baki kan tufafin. Chaucer ya ce dawakin barden nagari ne, amma rigarsa ta yadi ce mai kauri, duk sulke ya ɓata ta. Jones ya karanta wannan a matsayin shaidar talauci da rashin asali: ba tambarin gida, ba a ambaci gona ko gandu ba, rakiyarsa ɗansa ne da bara ɗaya. Amma duk wanda ya san sulke ya san halinsa. Zobban ƙarfe ne, ana shafa musu mai, gumi ya taɓa su su yi tsatsa, kuma duk rigar da ke ƙarƙashi sai ta yi baƙi, ko ta wane ce. Waƙar ma ta ba da dalili: daga tafiya ya dawo ya wuce ziyarar Canterbury bai tsaya canja kaya ba. Wannan ya fi kama da tawali'u.

Malam Sabi'u: Na karɓi ta sulke, Alhaji. Amma me za ku yi da Balat? Chaucer ya ce barden ya taɓa zama tare da sarkin Balat a Turkiyya, suna yaƙar "wani" wanda ba Kirista ba. Kalmar "wani" ta nuna shi ma ubangidan ba Kirista ba ne, sarkin Turkawa ne Musulmi. Wanda ya fita yaƙi don addininsa ya koma yi wa sarkin Musulmi aiki, in ba albashi ba me ya kai shi? Kuma zamanin cike yake da irinsu. John Hawkwood Baturen Ingila ne, ya yi shekara talatin yana sayar da takobinsa ga biranen Italiya, yana cikin waɗanda suka yi kisan Cesena a 1377, ya mutu a Florence a 1394 aka binne shi da girma.

Dakta Habu: Layin Balat kam har yau ba wanda ya goge shi. Sai dai layi ɗaya ne, Malam, a gaban wasu da dama da ke cewa mutumin yana son gaskiya da karamci, bai taɓa zagin kowa ba. In aka ce duk zambo ne, sai a nuna inda Chaucer ya ɗaga gira. Ga sauran maziyartan waƙar, irin su sufin Kirista mai son farauta da ƙiba, da mai sayar da takardun gafara mai ƙashin alade a kwalba yana cewa na waliyyai ne, zambonsu a fili yake. Ga barde babu irin wannan alamar.

Malama Rabi: Abin da zan ba Jones shi ne, ya tilasta wa malamai su buɗe taswira su bi wuraren nan ɗaya bayan ɗaya, maimakon haddace su kamar karatun allo. Haka ya yi a shirinsa na BBC kan yaƙin Salibiyya a 1995, da na rayuwar mutanen tsakiyar zamani a 2004, da na ƙabilun da Rumawa suka kira jahilai a 2006. Kullum yana neman wanda aka yi wa ƙazafi ko wanda aka yi wa kwalliya. Amma wani lokaci yakan zarce, kamar littafin 2003 da ya rubuta da wasu malamai, suna zargin kashe Chaucer aka yi a 1400, alhali babu takarda ɗaya da ta faɗi haka.

Malam Sabi'u: Wannan wata gardamar ce daban, Malama, a bar ta sai mun gama da barde. Tambayata tana nan: a kawo mini Baturen Ingila ɗaya cikin shaidun Scrope da ya yi alfahari da cewa ya yi wa sarkin Turkawa aiki.