Gidan Taliesin West na hamadar Arizona: ko zai dace da zafin Sakkwato?

Ɗalibi daga Mabera:
Assalamu alaikum. Ina karatun zanen gine-gine, kuma an yi mana bayanin gidan Taliesin West wanda mai zanen gine-gine ɗan Amurka Frank Lloyd Wright ya fara ginawa a 1937 a Scottsdale, jihar Arizona ta Amurka. Ko cikin iyayenmu da yayyenmu akwai wanda ya taɓa ziyartarsa? Ina so in san ko fasalinsa zai amfane mu a nan.

Injiniya daga Arkilla:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Na shiga gidan tare da masu yawon buɗe ido, kuma bangonsa ne ya fi ɗaukar hankalina. Duwatsun filin wurin aka tsinto, aka jera su cikin allunan katako, aka zuba kankare, sannan da aka cire allunan sai fuskar kowane dutse ta fito da launinta, har ginin ya saje da tsaunukan McDowell da ke bayansa. Da farko farin yadi mai kauri irin na tanti aka shimfiɗa bisa katakan rufin, domin haske ya shigo ba tare da rana ta soki ido ba. Ɗaliban Wright ne suka yi yawancin aikin da hannunsu, kuma a 2019 UNESCO ta sanya gidan cikin kayan tarihin duniya.

Malama daga Runjin Sambo:
Injiniya ya faɗi gaskiya, amma ɗana, ka lura cewa gidan hunturu ne. Da zafi ya kunno kai, Wright da ɗalibansa sukan koma jihar Wisconsin da ke arewacin Amurka, alhali mu a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, muna nan daram. Rufin yadi kuwa ba zai jure iskar farkon damina ba. Darasin da na yarda da shi shi ne a yi gini da abin da ƙasar wurin ta bayar, kamar yadda mai zanen gine-gine ɗan Masar Hassan Fathy ya yi da tubalin laka a Sabuwar Gurna ta Masar.

Magini daga Kanwuri:
Allah ya saka da alheri, Malama. Kakanninmu sun san wannan tuni, domin soron ƙasa mai kaurin bango da rufin azara yakan riƙe sanyi har bayan la'asar, yayin da ɗakin bulo da kwano ba ya zaunuwa tun da hantsi. Abin da ke damuna shi ne masu sanin ɗaurin guga, wato ɗaurin rufin soro mai lanƙwasa da azara, suna ƙarewa. Ɗana, ka zo da ma'aunin zafi in kai ka wani tsohon zaure, ka gwada da tsakar rana.